Injiniyan Manhajar Kasuwa: Tsakanin Tsohon Yare da Sabo

A manyan shagunan sari na Kano, da kantunan magani, da gidajen mai, da ofisoshin makarantu masu zaman kansu, akwai wani ma'aikaci da ba ya cikin jerin masu karɓar albashi, amma ranar da aka neme shi aka rasa, ciniki tsayawa yake yi cak. Shi ne mutumin da ya rubuta manhajar da ke cikin kwamfutar kashiya, ko kuma ya gaje ta daga wanda ya rubuta. Ba shi da shago, ba shi da allon talla. Lambar wayarsa ce kawai ke yawo daga hannun wannan Alhaji zuwa na wancan, kuma duk inda ya shiga sunansa ɗaya ne: Injiniya. Yaran shago kan haɗa shi da mai gyaran kwamfuta, alhali sana'o'in biyu sun yi hannun riga. Mai gyara sukundireba yake riƙewa. Shi kuwa wannan aikinsa rubutu ne, layi bisa layi, da wani yare da kwamfuta ke ji, yana gaya mata yadda za ta cire turmi uku daga cikin dila, ta ɗora bashin a kan sunan mai saye, ta fitar da rasit.

Da yawa daga cikin manhajojin da suka kai shekara goma sha biyar ko ashirin suna aiki, da Visual Basic 6 aka rubuta su, aka jingina su da Microsoft Access a matsayin rumbun bayanai. Wasu da FoxPro, kaɗan da Delphi. Su ake koyarwa a kwalejojin kimiyya da fasaha da cibiyoyin koyon kwamfuta na wancan lokaci, kuma Visual Basic yana da sauƙin kai: ka ja maɓalli ka ajiye a kan allo, ka danna shi sau biyu, ka rubuta abin da kake so ya yi. Ɗalibi mai ƙwazo cikin 'yan watanni sai ya haɗa wa kawunsa manhajar sito. Microsoft ya fito da Visual Basic 6 a 1998, ya janye hannunsa daga kayan rubuta shi a watan Afrilun 2008. FoxPro a kan fitowa ta 9 ya tsaya, aka daina kula da shi gaba ɗaya a Janairun 2015. A takarda dai yarukan nan sun daɗe da yin ritaya. A kan kanta kuwa har gobe su ke buɗe ciniki da safe su rufe da dare, kuma ginshiƙan da manhajojin Visual Basic 6 ke tsayuwa a kai har a cikin Windows 11 suna nan, saboda yawan kamfanonin duniya da ke dogara da su.

Waya ce ta tayar da maganar sauyi. Ɗan kasuwar da a da ya gamsu da a miƙa masa takardar cinikin yini bayan Magariba, yanzu yana Chaina ko Dubai wajen sayen kaya, so yake ya duba tafin hannunsa ya ga abin da ya rage a sito kafin ya yi oda. Ya buɗe reshe na biyu a wani gari, kwamfutocin biyu ba sa magana da juna. Sannan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tura har mai sayen kwali ɗaya zuwa taransifa da POS, alhali tsohuwar manhajar hanyar biya biyu kacal ta sani, kuɗi hannu ko bashi. Zancen da ke gudana a irin wannan zama kusan iri ɗaya ne ko'ina.

"Injiniya, so nake ko ina Umara in buɗe wayata in ga abin da aka sayar yau."

"Ranka ya daɗe, za a iya. Sai dai wannan ta kan teburin ba ta san waya ba, ba ta san intanet ba."

"To a zubar da ita a yi sabuwa mana."

Daga amsar da za a ba Alhaji a nan ake gane wanda ya ƙware da wanda ya iya rubutu kawai. Sabon shiga murna yake yi, ya sami kwangila, kuma zai yi ta da yaren da yake ƙauna. Wanda ya daɗe a harkar cewa yake yi a ba shi mako guda ya zauna da tsohuwar tukuna.

Ja-in-jar nan ta girmi Visual Basic nesa ba kusa ba. A watan Mayun 1959 aka yi wani zama a Pentagon, hedikwatar tsaron Amurka, saboda gwamnatin ƙasar ta gaji da wata matsala: kowane kamfani ya ƙera kwamfutarsa da nata yaren, idan aka sauya na'ura sai an sake rubuta komai daga tushe. Kwamitin da aka kafa ya ɗora a kan aikin da Grace Hopper ta riga ta yi, mutane irin su Jean Sammet suka zauna suka tsara yaren da aka raɗa wa suna COBOL, musamman domin lissafin kasuwanci, albashi da haraji da asusun banki. A Disamban 1960 aka gwada manhaja ɗaya, da 'yan gyare-gyare kaɗan, ta yi aiki a kan injin kamfanin RCA, ta kuma yi a kan Univac. Ke nan COBOL ɗin da matasa ke ambata yau idan suna son kwatanta tsufa, da alƙawarin da ake tallata sababbin yaruka aka haife shi, wato a rubuta sau ɗaya ta yi aiki a kowace na'ura. Alƙawarin nan ne Java ya sake ɗaukowa a 1995 daga kamfanin Sun, shi ne kuma Flutter na Google ya zo da shi a ƙarshen 2018. Wanda ya riƙe wannan tarihin ba zai ɗauki tsoho da sabo a matsayin jinsi biyu ba. Sabon yau, idan ya yi sa'a ya amfani mutane, shi ne wanda za a rasa yadda za a yi da shi nan da shekara ashirin.

Kuma COBOL bai je ko'ina ba. Wani rahoto na kamfanin dillancin labarai na Reuters a 2017 ya kiyasta layukan COBOL da ke aiki sun kai biliyan 220, yawanci a bankuna da kamfanonin inshora da hukumomin gwamnati, a kan manyan injinan IBM. A Afrilun 2020, da annobar korona ta kori miliyoyin Amurkawa daga aiki, tsarin biyan tallafin marasa aikin yi na jihar New Jersey ya kasa ɗaukar cunkoson, har Gwamna Phil Murphy ya fito bainar jama'a yana neman waɗanda suka iya COBOL su kawo ɗauki. Abu biyu ke riƙe manyan ma'aikatu a kan wannan yaren. Na farko, ba ya wasa da kwabo. Tun daga tushe an gina shi ne ya ƙirga kuɗi daidai-wa-daida. Na biyu, duk wata doka da aka yi, da duk wani gyara da aka shigar cikin shekara hamsin, a cikin rubutun suke kwance, kuma waɗanda suka san dalilin kowane layi da yawansu sun ajiye aiki, wasu sun rasu.

Abu na biyun nan shi ne Injiniyan Kano ke nema a makon da ya roƙa. Zai buɗe asalin rubutun manhajar, idan Allah ya sa yana nan, ya bi shi a tsanake da biro da littafi a gefe. A nan zai tarar da layin da ke cewa idan mai saye yana cikin wasu 'yan tsirarun tsofaffin abokan ciniki, a rage masa kaza a kan kowane turmi ba tare da ragin ya fito a rasit ba. Can ƙasa ga wani da ke ware la'adar dillali ya ajiye ta a gefe, ba ta shiga ribar yini sai ƙarshen wata. Ga wani da ya san cewa dilar wannan kamfani da ta wancan ba yawan turmi ɗaya suke ɗauke da shi ba. A kantin magani akwai layin da ke tilasta wa kashiya ya fara fitar da kwalin da wa'adinsa ya fi kusa. A makaranta akwai wanda ke rage wa ɗa na uku na uba ɗaya kuɗin zango, da wanda ke yafe wa 'ya'yan malamai rabi. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan a wata takarda ba. Shi kansa Alhajin ya manta ya taɓa cewa a saka su. Ba zai tuna ba sai ranar da sabuwar manhaja ta cajar wa amininsa na shekara talatin cikakken farashi a gaban yara. A ganina a nan dukiyar take. Yaren da aka rubuta ta da shi ana iya sauya shi a wata shida. Sanin yadda gidan ke ciniki kuwa shekaru aka ɗauka ana zuba shi a ciki, kuma mai zubar da tsohuwar manhaja ba tare da ya karanta ta ba wannan sanin yake zubarwa.

Amma a wannan makon ne kuma zai ga tsagar da ke jikin ginin, kuma bai kamata soyayyar tsohon abu ta rufe masa ido ba. Lokacin da harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a ranar 1 ga Fabrairun 2020, duk manhajar da marubucinta ya watsa lambar 5 a wurare barkatai, maimakon ya ajiye ta a wuri guda, sai da aka bi ta da tsinke, kuma wurin da aka manta shi ke ɓata lissafi a ɓoye. Akwai wadda ta fi wannan ban takaici. A Visual Basic 6 akwai wani nau'in gurbin lamba da ba ya ɗaukar abin da ya haura 32,767. Wanda ya rubuta manhaja lokacin buhun shinkafa na 'yan dubbai bai ga laifin saka farashi ko jimilla a irin wannan gurbin ba. Ranar da lambar ta tsallake iyaka, kashiya ya danna, sai allo ya jefo kuskure mai lamba 6, manhajar ta rufe kanta, ga mai saye a tsaye. Haka gurbin farashin lita da aka yanka wa lambobi uku lokacin ana sayar da fetur naira 145, alhali bayan cire tallafi a 2023 ya haura 500, daga baya ya haura 1,000. Rumbun Access kuwa ba ya wuce gigabait 2, kuma idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubuta ciniki yana iya dagulewa. Akwatunan rubutu na Visual Basic 6 ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, alamar tambaya suke sakawa a gurbinsu. Sannan wasu kwamfutocin har yanzu Windows 7 ke kansu, wanda aka daina toshe wa ɓaraka tun Janairun 2020. Jona irinsu da intanet buɗe wa ɓarawo ƙofa ne.

To idan za a sauya, ina za a dosa? Hanyoyin da ake bi yau ba su da yawa. Wasu su mayar da manhajar shafin intanet da PHP ko Python ko JavaScript, ta buɗu a burauzar kowace na'ura. Wanda ya taso a gidan Microsoft ya fi samun sauƙin komawa C#, musamman tunda daga 2016 dandalin .NET ya fara aiki a kan Linux da Mac. Masu manyan ayyuka sukan zaɓi Java. Masu son manhajar waya kuwa Flutter ko React Native suke ɗauka, su rubuta sau ɗaya ta fito a Android da iPhone. Amfanin wannan a bayyane yake ga mai aiki shi kaɗai ko da yaro ɗaya, wanda ba zai iya rubuta abu ɗaya sau uku ba, ya kuma riƙa gyara shi sau uku. Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wurina ma wata ce daban: waɗannan yarukan su matasa ke koya. Idan Injiniya ya kwanta ciwo ko ya bar gari, za a sami mai ɗaukar aikin a Kano ko Kaduna ko Zariya. Mai FoxPro kuwa sai an tona.

Sai dai kowane sabon yare yana zuwa da nasa haraji, kuma mai tallarsa ba ya faɗa. A ɗauki kwabo. Ka tambayi JavaScript jimillar 0.1 da 0.2, amsar da zai ba ka ita ce 0.30000000000000004, saboda yadda kwamfuta ke ajiye ɓangaren lamba. Ɗigo ne da ba ya cika ido, amma idan aka tara rasit dubu ɗari, aka yi ta zagaye lambobi, sai akanta ya kwana yana neman inda 'yan nairori suka shige. COBOL ba ya wannan kuskuren, Visual Basic 6 ma yana da gurbi na musamman domin kuɗi. A Java da C# akwai maganin abin ga wanda ya san ya nema. A Dart, yaren Flutter, babu irin wannan gurbin a cikin gida, shi ya sa ƙwararru ke ajiye kuɗi a matsayin kwabo zalla, ba ɗigo, sai wajen nunawa a mayar da shi naira. Kamfanin biyan kuɗi na Paystack ma a kwabo yake karɓar adadi daga manhajoji. Matashin da bai san wannan ba zai yi manhaja mai kyan gani, ta riƙa yoyo a ƙasa.

Akwai kuma kayan da ke jone da kwamfutar: ƙaramar firintar rasit, da na'urar karanta lambar jikin kwali, da sikelin da ke turo nauyi ta tsohuwar waya mai fil. Tsohuwar manhaja ta san su, sun san ta. Manhajar da aka ce tana aiki a kowace na'ura sau da yawa a bakin firinta take cijewa, sai an sake rubuta wani ɓangare na musamman domin Windows, wani domin Android, alƙawarin rubutu sau ɗaya ya koma sau ɗaya da rabi. Kashiyar da ta shekara goma tana aiki ba ta taɓa linzami, yatsunta sun haddace maɓallan kibod, kafin mai saye ya gama lissafo kaya ta gama shigarwa. A ba ta sabon allo mai manyan hotuna da sai an bi ana dannawa, layi ya tsawaita har bakin ƙofa. Ga sabis. Manhajar da ba ta motsi sai da intanet ba ta dace da kasuwar da sabis ke ɗaukewa ana tsakiyar cunkoso ba. Dole ta iya ajiye ciniki a cikin na'urar, a ƙaramin rumbu irin SQLite, ta tura idan hanya ta buɗe, kuma daidaita abin da rassa biyu suka sayar daga sito ɗaya lokacin ba sa jin juna yana cikin mafi wuyar ayyuka a wannan sana'a. Ga dala. Tsohuwar sau ɗaya aka biya. Sabuwar tana zaune a kan hayar babbar kwamfuta da galibi ake biya da dala duk wata, kuma kowa ya ga abin da ya sami naira daga Yunin 2023. Mai son manhajarsa ta shiga iPhone zai biya Apple dala 99 duk shekara, ya kuma nemi kwamfutar Mac.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gajeren rai. Silverlight na Microsoft ya zo a 2007 da ganga, aka rufe babinsa a Oktoban 2021. Adobe ya ajiye PhoneGap a 2020. AngularJS na Google ya ƙare a ƙarshen 2021. Xamarin, wanda Microsoft ya saya a 2016 domin rubuta manhajar waya sau ɗaya, an daina kula da shi a ranar 1 ga Mayun 2024. Injiniyan da ya bar Visual Basic 6 a 2010 ya koma Silverlight don kada a bar shi a baya, yau ya fi wanda ya zauna inda yake shiga uku. Saboda haka tambayar da gwani ke yi ba ta tsaya a kan wane yare ne ke tashe ba. Yana duba wa ke riƙe da shi, shekara nawa ya yi, mutum nawa ke cin abinci da shi, kuma idan mai shi ya juya baya gobe, akwai jama'ar da za su ci gaba da ɗaukarsa?

Masu kuɗin da suka fi 'yan kasuwar Kantin Kwari ta Kano ma sun ɗanɗana wahalar sauya manhaja. A Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa daga tsohon tsari zuwa sabo a ƙarshen mako guda. Kusan mutum miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu suka riƙa ganin asusun da ba nasu ba. Abin ya ci wa bankin kimanin fam miliyan 330, shugabansa Paul Pester ya sauka a Satumbar shekarar, daga baya hukumomi suka ci bankin tarar sama da fam miliyan 48. Bankin Commonwealth na Ostireliya ya yi nasa sauyin ya tsira, amma sai da ya ɗauki shekara biyar da sama da dalar ƙasar biliyan ɗaya. A nan gida ma, a 2024 Sterling da Zenith da GTBank sun sauya manhajar da ke riƙe da asusun jama'a, kuma masu hulɗa da bankuna ba su manta da wahalar waɗancan makonnin ba.

Hanyar da ta fi aminci tana da suna a wajen masana. A 2004 Martin Fowler ya kwatanta ta da wani itace dangin ceɗiya da ya gani a Ostireliya, irin wanda ke tsirowa a jikin wata bishiya, ya riƙa sako saiwoyi ƙasa a hankali, har ranar da zai tsaya da ƙafarsa ko da ta ciki ta mutu. Injiniyan da ya fahimci wannan ba ya taɓa allon kashiya da farko. Rumbun bayanai yake fara ɗaukewa daga Access zuwa wani mai ƙarfi, irin su SQL Server ko PostgreSQL ko MySQL, ya bar tsohuwar manhajar tana ci gaba da aiki a kai. Daga nan ya rubuta 'yar ƙaramar manhajar waya da ke karanta cinikin yini kawai, ba ta iya taɓa komai. Buƙatar Alhaji ta biya cikin 'yan makonni, ba wanda ya tsaya. Sai a ɗauki ɓangaren sito, sai na bashi, allon kashiya shi ne na ƙarshe. Wani lokacin ma a tsaya a rabin hanya shekaru, kuma ba laifi ba ne.

Wanda bai ga aikin kwashe bayanai ba bai san wahalar sana'ar nan ba. Sunan mutum ɗaya zai fito kala uku, sau ɗaya da Alhaji a gaba, sau ɗaya da sunan garinsu, sau ɗaya da laƙabin da yaran shago suka sa masa, kowanne da nasa bashin. Kwamfuta ba za ta iya haɗa su ba. Sai an zaunar da babban yaron shago ana karanto masa yana cewa wannan shi ne wancan. Za a ga kayan da manhaja ta ce saura ƙasa da sifiri, don an sayar kafin a shigar da su. Za a ga ranakun da wata ya koma rana, rana ta koma wata, saboda wani ya taɓa sauya tsarin kwanan watan kwamfutar. Bayan an share wannan duka, sai a yi wata guda ana shigar da kowane rasit sau biyu, a tsohuwa da sabuwa, yara na ƙunƙuni. Duk dare a fitar da jimilla biyu a jera. Idan aka sami bambancin naira ɗari da hamsin, ba a cewa ai kaɗan ne, a tafi gida. Bin sa ake yi rasit bayan rasit har a kamo shi, domin sau da yawa a bayan wannan ɗari da hamsin ɗin wata doka ce ta gidan da ba a kwaso ba. Sai jimillar ta yi ta faɗuwa daidai kwana da kwanaki sannan a kashe tsohuwar, kuma ko a lokacin ba a goge ta.

Yanzu ana maganar ƙirƙirarriyar basira za ta ɗauke wannan nauyi, kuma tun 2023 IBM ya fito da kayan aikin da ke taimakawa wajen juya COBOL zuwa Java. Tana taimakawa ƙwarai wajen karanta tsohon rubutu da bayyana abin da yake yi. Amma ba za ta zauna da babban yaron shago ba, ba za ta tambayi Alhaji ko ragin nan na tsofaffin abokan ciniki yana nan ko an janye ba.

Sana'ar tana da nata ɓangaren da ba a son tonawa. A da sau ɗaya ake biyan Injiniya, sannan a yi ta kiran sa shekara goma kyauta, har ranar Sallah. Wasu don su rama sai su dasa kulle a cikin manhajar, ta rufe kanta duk shekara sai an kira su, ba tare da sun faɗa tun farko ba. Wasu su riƙe asalin rubutun a kwamfutarsu su kaɗai, ranar da aka sace ta ko suka bar ƙasar, mai shago ya zauna da manhajar da ba mai iya sauya mata ko harafi ɗaya. Duka ɓangarorin biyu suna da laifi. Aikin kulawa aiki ne, a yanka masa kuɗin wata ko na shekara a fili. Shi kuma wanda aka buɗe wa littafin bashin mutum da ribarsa amana aka ba shi mai nauyi, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da ta shafi duk mai tara sunaye da lambobin wayar mutane. Cikin amanar har da iya cewa, "Alhaji, naka ba ya buƙatar a rubuta sabo, ga manhajojin da aka riga aka rubuta, irin su QuickBooks da Odoo, a saita maka ɗaya," ko da hakan na nufin kwangilar ta kuɓuce.

Abin da ke damuna a kan makomar sana'ar shi ne rata tsakanin manya da yara. Masu Visual Basic da FoxPro sun fara furfura, sun san kasuwa ciki da bai, amma da yawansu ba su koyi sabon yare ba. Yaran da ke fitowa daga Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello, da waɗanda suka bi shirye-shiryen horaswa irin su 3MTT, sun iya Flutter da React, amma akwai wanda bai taɓa tsayawa bayan kanta ya ga yadda ake rufe lissafin yini ba. Kowanne yana riƙe da rabin aikin. Da manyan za su ɗauki yaran su zaga da su shago-shago, yaran kuma su yarda su karanta tsohon rubutu ba tare da raini ba, da an rage asarar da 'yan kasuwa ke yi a hannun ɓangarorin biyu.

Kai kuma mai shago, kafin ka biya cikon kuɗin kowace manhaja, tsohuwa ce aka gyara ko sabuwa aka rubuta, ka sa a rubuta a takarda wa ke da asalin rubutun, ka karɓi kwafinsa ka ajiye inda kake ajiye takardun fili. Ka sa a nuna maka da idonka yadda za ka fitar da bayananka gaba ɗaya zuwa Excel ba tare da ka kira kowa ba. Sannan ka sa a ɗauki kwafin ajiya na jiya a dawo da shi a kan wata kwamfuta daban kana tsaye. Idan bai buɗu ba, kada ka biya.